Fuskar Inna a Takarda

Wayata ta faɗa Binuwai wata Laraba,
ina sunkuye a gindin gada ina taya giwan ruwa.
Hoto ɗari bakwai suka nutse, ko kumfa babu:
sunan 'yata, tsohuwar rumfarmu kafin iska ta yaye ta,
Bappa da sabon babur, yana washe haƙora.
Na Inna guda ɗaya ya tsira,
shi ma don Hajjo ta Ngaundere ba ta goge komai.

Na ce daga yau abin da nake so
sai na taɓa shi da hannu.

Shagon Hamajoda yana bayan masu sayar da atamfa
a babbar kasuwar Garwa,
fanka ɗaya, kwalaye har rufi.
Na ce masa, ban zo neman mai kyan jiki ba,
firintar da za ta gane uwata nake nema.

Ya ciro ta farko, 'yar mitsitsiya, ga arha.
Na tambayi kuɗin tawada, ya sosa ƙeya.
Ashe akuyar ce kyauta, dusar ce da tsada.
Muka gwada duk da haka.
Inna ta fito kore-kore
kamar wadda ta kwana a tukunyar miyar kuka.
Na kife takardar, na nemi gafararta.

Ta biyu ta ofis ce, mai saurin tsiya,
kafin in gyara hula ta tofo.
Mayafin ya fito, kujerar ta fito,
har kazar da ke wucewa ta baya an san ta,
amma fuskar dunƙulen gawayi:
ba tsaga, ba wushirya, ba kowa a ciki.
Wanda ya ƙera wannan, na ce,
bai taɓa zama kusa da baƙar mace da hantsi ba.

Hamajoda ya yi dariya, ya hau kujera,
ya sauko da ta uku daga can sama.
Kwalabe shida na tawada a gefenta,
baƙin ma iri biyu ne.
Ya sa takarda mai kauri, mai sheƙi.
Tana tafiya a hankali, tana numfashi,
har mai shayi ya zo ya tafi.

Goshi ya fara leƙowa.
Sai kwallin da ya ɗan zarce a idon hagu,
sai tsaga uku a kowane kunci,
sai baƙin nan nata na nunanniyar ɗinya
wanda haske ke zama a kansa ya huta.
Ban ce komai ba.
Na tsoma yatsa a kofin ruwa, na ɗiga a gefen mayafin,
don ni da ruwa akwai tsohuwar magana.
Ɗigon ya tsaya, ya gangara. Inna ba ta motsa ba.

Kuɗin kuwa, kar a tambaya.
Sefa ta fita har aljihu ya yi sanyi.
Da Astajam ta tare ni a zaure
na rage mata kashi ɗaya cikin uku, Allah ya yafe.

Gargaɗinsa ɗaya da zan hau babur:
zafin Garwa ba ya barin tawada ta yi barci,
in ka ajiye ta wata guda, bakinta zai toshe.
Ko ba dalili, ka buga wani abu duk mako.

To, dalili bai taɓa yankewa ba.
Jiya maƙwabcina Jauro ya turo jikansa da waya,
wai akwai wani ɗan'uwansu da ya tafi Mundu
shekara tara, ba labari.
Na ɗaga ƙyallen da nake rufa mata,
muka zauna jiran wuta ta dawo,
Inna tana kallonmu daga bango.